Hannun Kaka da Kalmar Kawu

Shekarar da na shiga kolej aka kawo Kaka gidanmu a unguwar Titirou. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye a kasuwar Djougou, inda take sayar da goro tun kafin a haifi Baba. Magana ta ɗauke mata, abinci ma ta ƙi. In Inna ta kai mata koko baki, sai ta kau da kai.

Hannunta na hagu kuwa ba ya hutawa. Ta tattara yatsu, ta watsa, ta sake tattarawa. Baba ya ce karkarwar ciwo ce.

Kawu, ƙanen Baba, yana aiki a gidan kula da tsofaffi a ƙasar Suwidin. Ranar da ya kira, ni ke riƙe wa Kaka wayar.

"Ke sarkin shiru, me Kakarki take so?"

"Ban sani ba, Kawu. Ina dai tausayinta."

"Tausayi ai daga bakin ƙofa ake yin sa. Nan akwai kalmar da suka ishe mu da ita wurin aiki: inlevelse. In, ciki ke nan. Leva, rayuwa. Wato ki shiga cikin mutum ki rayu a can."

Daga madafa Inna ta ce, "To Bature, sai ka zo ka shiga! Mu dai muna wankin zannuwa."

Washegari da aka fitar da Kaka wanka, na kwanta a katifarta yadda ake kwantar da ita. Bango kawai nake gani, da wata ƙusa. Na saki hannun dama, na motsa na hagu irin nata. Ashe yayyafi ne, wanda take yi wa goro kar ya bushe.

Na samo goro a ganye wurin mai tebur, na ajiye mata da kwanon ruwa. Ta tsoma yatsu ta yayyafa. Ta juya ƙwaya ɗaya, ta ture ta gefe, ta taɓe baki. Ranar ta sha koko kaɗan.

Sai ta kama wuyan hannuna, ta nuna mini ƙofa da haɓa. Na gane: rumfarta take tambaya. Na kuma san Baba ya riga ya bar wa wata. Na sunkuyar da kai.

Ta daɗe tana kallona, har ta gane. Ta ture kwanon, ta juya fuska bango. Da yamma ba ta buɗe wa koko baki ba.

Da Kawu ya sake kira, sai na miƙa wa Inna wayar.