Shekarun Zulfahmi

Ran nan ruwa aka kwana ana yi, aka wuni ana yi, ba iska ba tsawa, sai dai ƙarar kwano. Ni ke share makarantar firamare ta ƙauyenmu, kusa da garin Meulaboh na bakin teku, ni ke buga ƙarfen shiga da na tashi. Da feshi ya dame ni a baranda sai na shiga ajin Malama Asmanidar na rakuɓe a baya, kamar yadda na saba.

Tun tana goye na san ta, don katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan ubanta. Lissafi take koya wa 'yan aji huɗu, kuma ba ta ba da lamba tsirara. Sai ta ja dogon layi a allo, ta sa shekarar da Turawan Holan suka kawo yaƙi a wannan baki, shekarar samun 'yanci a wancan, ta ce yara su yi tsallen kwaɗo, goma-goma, har su isa. Ni ma ban tsira ba. Uwata ta ce shekarar da Japanawa suka tafi aka haife ni, don haka kowane aji sai an lissafa ni. Wani yaro ya taɓa samo mini shekara ɗari da arba'in. Malama ta ce to ya tashi ya gaida Baffa da kyau, ya tambaye shi lafiyar Annabi Nuhu.

Akwai tambaya ɗaya da ba ta cikin littafi. Duk ƙarshen shekara takan rubuta: wani yaro yana da shekara bakwai a shekarar da teku ta hau tudu, yau shekararsa nawa?

Kowa a ƙauyen ya san yaron. Zulfahmi ne, ɗanta. Ya tafi sayo mata kifi da safiyar da tekun ta cinye mutane, ba a ga gawarsa ba. Mijinta an gan shi, an binne. Liman ya sha aiko mata a kan a yi wa yaron sallar gawa daga nesa, a dafa shinkafar sadaka yadda ake yi wa kowa, takan ce ba a yi wa mai rai. An ji labarin yaran da aka tsinta can birnin Medan, wasu har bayan shekaru. Shi ke nan, kowace shekara amsa ta ƙaru da ɗaya, yara talatin su faɗa mata da baki ɗaya, ta gyaɗa kai ta goge allo. Iyaye kan ja wa 'ya'yansu kunne tun a gida kada a yi kuskure a wannan.

Ranar ruwan nan amsar ashirin da biyu ce. Tana bi layi-layi tana duba littattafai, sai ta tsaya a kan Safrina, wata yarinya da iyayenta ba su daɗe da dawowa daga gaɓa ba. Ba wanda ya gaya musu komai. Bakwai yarinyar ta rubuta.

“Ke uwar 'yan sauri, ina tsallenki? Bakwai ai ita na ba ki.”

“Malama, ba a yi masa tsalle.”

“Saboda me?”

“Wanda ruwa ya samu a nan yake tsayawa. Yayata huɗu take har yanzu. Ni na girme ta ma. Haka Kaka ta ce.”

Wani ya soma dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Malama ta daɗe tana kallon littafin da jan biro a hannu. Ba ta sa daidai ba, ba ta sa kuskure ba. Ta tambayi yarinyar sunan yayar, aka faɗa mata, ta maimaita sau ɗaya. Daga nan ta koma allo ta ba su wata tambayar a kan shekarar da aka yi sulhu tsakanin gwamnati da 'yan tawaye, muryarta yadda take kullum. Na duba agogo, na fita cikin ruwan na buga ƙarfe.

Da aka watse na tarar da ita tana goge allo. Ta goge layin duka, saura bakwai ɗin. Ba ta juyo ba, ta ce, “Baffa, in ka je Azahar ka gaya wa liman. Juma'a ta yi.”

Na ce to. Na tsaya ko za ta ƙara wani abu, sai ta ce in kawo bokiti, kwanon yana yoyo ta wajen taga.

An yi sallar ranar Juma'a. An dafa shinkafa da miyar akuya, mutane sun ci sun yi addu'a sun tafi. Ban ga ta yi kuka ba. Ta wanke tukwane tare da matan unguwa, ta mayar wa kowa tasa.

Malama Asmanidar tana nan a aji huɗu, saura mata shekara biyu ta ajiye aiki. Tana jan layinta, ana lissafa Holan, ana lissafa ni. Waccan tambayar ba ta ƙara rubuta ta ba.