Wanda Ke Kashe wa Haliru Caji

Haliru ɗan Harisu bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi a Gadarif. Ku tambaye shi ku sha labari. Kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya hutun kwana uku a nan, ga shi har yau zuriyarsa ba ta gama hutawa ba. Amma a bakin Haliru, hangen nesa tsohon ya yi.

Da ƙuruciya ya yi yankan riɗi a gonakin Fashaga, aka sallame shi, ya ce laujen ne ba kaifi. Ya koma karo, wato amalanken jaki, jakin ya gudu, ya ce hassadar maƙwabta ce. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku, mai shan fetur, kuma duk haɗarin da ya yi, bango ne ya shigo masa hanya. Da yaƙi ya zo, fetur ya zama sai wane da wane, ya sauya zuwa raksha mai lantarki, yana kai mata da buhunansu daga kasuwa zuwa tashar motocin Shuwak.

Wurin cajin wata rumfa ce a bayan kasuwa, mai faifan hasken rana, ta wani kamfani da ba wanda ya taɓa ganin mai shi. Ka soka igiya, ka danna kore a talafonka, caji ya fara. In ka danna ja, ya tsaya. Mai tsaron rumfar Baba Elnour ne, dattijon da gona ta cinye wa gwiwoyi cikin shekara arba'in. Kujerar nan ta inuwa ita ce abin da ya rage masa, da ita yake ciyar da kansa da matarsa Halima.

Kwatsam cajin Haliru ya fara mutuwa. Ya soka, ya tafi shan shayi, ya dawo ya tarar da batir inda ya bar shi. Sau biyu raksha ta mace masa da tsakar rana, mata suka sauka suna yi masa addu'ar da ba a ce mata amin. Ya canja lambar sirri har sau uku, a banza. Ya rubuta wa kamfani, suka amsa cewa tsarinsu lafiya lau yake, mai izini ne ya tsayar. To, wa ke zaune kusa da igiya in ba Baba Elnour ba? Shi ke nan, alƙali Haliru ya yanke hukunci.

"Baba Elnour, ka ji tsoron Allah! Kana cire nawa kana saka na mutanenka!"

"Haba ɗana," in ji dattijon, "ni ko karatun da ke jikin injin nan ban iya ba."

"Ai cire igiya ba ya son karatu!"

A gaban direbobi ya faɗa, da muryar nan tasa da ake ji har layin mahauta. Ya tara mutum shida suka kai ƙara. Kamfani kuwa ya gano cewa canja tsoho ya fi gyara tsari sauƙi. Aka kori Baba Elnour, aka kafa allo mai cewa a kula da kaya. Lokacin kaka ne, sai dattijon ya ɗauki laujensa ya hau motar 'yan aiki zuwa Fashaga.

Caji bai fasa mutuwa ba. Haliru ya ce tsohon asiri ya binne kafin ya tafi. Mhm!

Wata rana da hantsi mai shayi ba ta fito ba, sai ya soka igiya ya taka gida, tafiyar minti biyar. Ya iske mahaifiyarsa, Inna Jummare, tana yanka kuɓewa, wani abu na ta ƙara a ƙarƙashin tabarma. Ta lalubo tsohon talafonsa, wanda ya ba ta da ya sayi sabo, ta kai yatsa kan ja ta danna da ƙarfi.

"Inna, me kika yi?"

"Wani maras kunya ne, kullum sai ya kira ni, in na ce salamu alaikum ya yi shiru. Yanzu kashe shi nake yi, ba na ko ɓata bakina."

Nan take sabon talafon ya yi ƙara a aljihunsa: an tsayar da caji. Haliru ya karɓi tsohon talafon ya nufi wurin mai gyara.

Mohanad mai gyaran talafon ya duba, ya kwashe da dariya. Ya ce shigar da Haliru ya yi cikin manhajar caji tun bara a tsohon talafon tana nan a buɗe. Tsarin ba ya rufe tsohuwar shiga, ko da an canja lamba sau ɗari, kamar a yi ta sauya kwaɗon ƙofa alhali taga na hangame. Haliru ya ruga da wannan bayani wurin kamfani. Suka yi masa godiya mai yawa, suka ce za su duba. Zancen mai tsaro kuwa, suka ce allon yana aikinsa yadda ya kamata.

Kunya ta hana shi cin abinci kwana biyu. A na uku ya hau lori zuwa Fashaga, ya yi ta tambaya gona bayan gona. Ya sami Baba Elnour a ƙarshen layi, 'yan aiki sun yi masa nisa, yana yanka a durƙushe don gwiwoyin sun ƙi sunkuyo. Haliru ya tsuguna, ya zayyana komai, har da Inna da jan maɓallinta. Da ƙyar kalmar ta fito, don bakin bai saba da ita ba.

"Baba, ni ne na yi kuskure. Ka yafe mini."

Dattijon ya share gumi da gefen rawaninsa.

"Na yafe. Sun ce in koma?"

"Ba su ce ba, Baba," in ji Haliru.

"To matsa, ɗana," in ji Baba Elnour, "kana taka mini riɗi."