Haƙorin da Ya Daina Ciwo

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda duk Zongon Kwatano ta sani da Ilu Mai Turare. Allah Ya jiƙansa. Har yau in baƙo ya tambaye ni abin da ya yi ajalinsa na ce haƙori, sai ya dube ni kamar ina wasa.

Haƙorin tauna ne na can ciki ya yi kogo. Mu masu turare muna da wata ɗabi'a da muka gada: a tsoma auduga a turare mai ƙarfi, a haɗa da kanumfari, a cusa a kogon. Haka Yaya ya yi ta yi, har ciwon ya ɗauke ɗif. Na tuna shi a bakin shago yana tauna goro da gangan ta wannan gefen, yana yi mini dariya. "Malam Fargaba, ina asibitin da kake ta kira? Ga shi na warke." Sunan da ya sa mini ke nan, don ni mutum ne da zan kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa kwaɗon. Bayan wasu watanni muƙamuƙinsa ya kumbura, kumburin ya sauka wuya. Ko da muka kai shi asibiti, numfashi ya riga ya yi wuya.

Bana nawa haƙorin ya soma, shi ma na can ciki. Ya hana ni sakat, sannan wata safiya na tashi babu ciwo ko kaɗan. Matata ta ce alhamdu lillahi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na taɓa ganin irin wannan sauƙin. Na hau zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa wurin wata likitar haƙori a unguwar Houéyiho, 'yar Zongo ce, tana jin Hausa. Na ce ta cire shi yau, kada ya kwana a bakina.

Ta ɗauki hoto, ta nuna mini. "Baba, jijiyar ce ta mutu, shi ya sa ba ka jin komai. Amma ƙwayoyin cutar suna nan a cikin saiwa, suna aikinsu. Ba sai mun cire ba, za mu wanke."

Karatuna a firamare ya tsaya, amma ga abin da na fahimta. A cikin saiwar haƙori akwai siririyar hanya, tana kuma da rassa da lunguna waɗanda ƙarfen likita ba ya kaiwa. Sai a zuba ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta. To, in an zuba shi da allura kawai, yakan tsaya a babbar hanyar, ba ya shiga lungunan sosai. Shi ya sa ta sa wani siririn tsinke mai rawa da sauri, yana ƙara kamar sauro, yana kaɗa maganin har ya kutsa ko'ina ya ɓamɓaro abin da ya manne. Ta ce wasu likitocin da hasken leza suke kaɗa shi.

Ina kwance baki buɗe, sai ga Yaya a idona. Masu sayen turare kan dawo da ƙananan kwalabensu a sake cika musu, kuma in tsohon ƙamshi ya saura, ya ɓata sabon. Ina yaro nakan cika kwalba da ruwa in ajiye ta jiƙa. Yaya sai ya fizge, ya toshe bakin da babban yatsa, ya jijjiga ta kusa da kunnensa. "Ajiyewa ba wanki ba ne, kai. Kaɗa ta." Da yana raye ya ga wannan tsinken, na san zai ce likitoci sun shigo sana'arsa. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yarda ya zauna a kujerar likita. Mutum ne da bai yarda da ciwon da ba ya ji ba.

Da ta gama na tambaye ta ko ƙwayoyin cutar duk sun mutu. Na sake tambaya. Ta yi dariya ta ce, "Baba, babu likitan da zai rantse maka a kan duka. Mun rage su iya iyawarmu, mun toshe hanyar. Ka dawo randebu, ranar da zan sa maka, mu sake hoto." Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba, amma ta fi mini daɗi a kan a ce na warke.

Na san kwanan Yaya ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Shagonsa yana hannuna, kwalabe kuma yadda ya koya mini nake wanke su. Abu ɗaya na canza. In wani ya zo riƙe da kumatu yana neman auduga da turare, ba na ba shi. Nakan zaunar da shi a bencin Yaya, in ba shi labarin ranar da yayana ya tauna goro yana dariya.