Kada Ku Zaɓe Ni

Kawuna mai gyaran famfo ne. A unguwarmu babu gidan da bai taɓa durƙusawa a tsakar gidansa ba, sifana a hannu, wando a jiƙe har gwiwa. Sunansa na yanka ma an manta, Mai Famfo kawai ake ce masa. Mutum ne mai taurin kai, dariyarsa tsada gare ta, amma in ya ɗaure bututu ya ɗauru ke nan.

Ruwa ne ya jefa shi siyasa. Ya gaji da gyaran famfunan da ba abin da ke fita daga bakinsu sai iska, ɗan majalisarmu na ƙasa kuwa ba a ganin ƙeyarsa sai zaɓe ya gabato. Da wasu malaman makaranta da direbobi suka kafa sabuwar jam'iyya mai alamar tsani, Kawu ya ba su rabin shagonsa suka yi ofis. Benci ne da tebur, ga tulin bututu a gefe. Mutane suka yi ta dariya, wai jam'iyyar da ko mota ba ta da ita.

Ba su da halin gangami, sai Kawu ya bi hanyar da ya sani. Duk gidan da ya gama aiki zai wanke hannu, ya zauna wurin tsofaffin gidan, ya zana musu tsani a ƙasa da yatsa, ya ce nan za a dangwala. Ya tsaya takara ya faɗi, ya sake tsayawa ya sake faɗi, amma kowane karo ƙuri'unsa ƙaruwa suke yi. A karo na uku har manyan jam'iyyu sun fara tambayar wane ne wannan mai sifanar.

Sai ga wata sabuwar jam'iyyar, mai alamar agogo, ta tsayar da wata likitar yara. Mutanen da ke son Kawu su ne ke son ta. Ba sai an yi dogon lissafi ba: in duka biyun suka tsaya za a raba ƙuri'a, a yi biyu babu, tsohon ɗan majalisa ya koma kujerarsa. Likita ta fi Kawu jama'a a unguwannin nesa, don haka shi aka roƙa ya janye.

Na ji haushi, har yanzu ma ina ji. Shi kuwa ya shige shago ya kwance wani injin ruwa da ba abin da ya same shi, ya sake haɗa shi. Da ya fito ya ce ya yarda.

Ashe bakin alƙalami ya bushe. Hukumar zaɓe ta ce lokacin janyewa ya wuce, an riga an buga takardun ƙuri'a, tsani na nan daram a kansu. Duk wanda ya dangwala masa, Likita ya rage wa.

Haka Kawu ya ɗauki jakarsa ya koma gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana rushe abin da ya gina da hannunsa. Na raka shi wurin wata tsohuwa mai sayar da itace.

"Iya, bana ba tsani ba ne. Agogo za ki dangwala."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da bakinka ka ce tsani."

"Ni na ce. Yanzu kuma ni ke roƙonki, kada ki zaɓe ni."

"Ɗan nan, gaya mini gaskiya. Sayar da mu ka yi?"

Bai yi rantsuwa ba, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan guntun itace ya yi mata bayani tun daga farko. Wannan tambayar ya sha ta a gidaje da yawa, wasu ma ba su buɗe masa ƙofa ba. Ya rame, takalminsa ya tsinke, matarsa da muke kira Inna ta riƙa dafa masa ruwan gashin ƙafa.

Ranar zaɓe da la'asar aka ƙirga ƙuri'un rumfarmu a gaban kowa, ana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Agogo, agogo, tsohuwar jam'iyya, agogo. A duk akwatin, guda ɗaya tak ta faɗa wa tsani. Kashegari aka ce Likita ta ci da ƙyar, kujera ta farko da wata ƙaramar jam'iyya ta taɓa samu a yankinmu. Aka yi ta kiɗa a titi, aka wuce ta gaban shagon Kawu ba wanda ya leƙa.

A gida ya zauna a bakin tabarma yana ta mita. "Duk yawon da na yi, sai da aka sami wani mai kunnen ƙashi a rumfata. Da da ƙuri'a ɗaya aka kayar da ita, da wane ido zan dubi mutane?"

Inna tana ninke kayan aikinsa da ta wanke. Ba ta ɗago ba.

"Ni ce, Malam."

Ya juyo yana kallonta.

"Na shiga da niyyar agogon," ta ce. "Sai na ga tsanin nan shi kaɗai. Na ce ba za a buɗe akwatin unguwarka a ce ko mutum ɗaya ba ka da shi ba."

Kawu ya sa gefen rigarsa ya rufe fuska, ni kuma na tashi na ba su wuri.