Ammu Idi da bindigar da yake kira laima

Ina buɗe kantin magani da safen nan wayata ta yi ƙara. Faisal ne, babban ɗan Ammu Idi, wato Baffa Idi da Larabci. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Daktor, abuya, babana, ya rasu bayan asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan kwalin magani.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ammu Idi Bahaushe ne haifaffen Madina. Kakansa ya taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, ya sauke farali, ya zauna. Shi kuma ya yi shekaru yana gyaran manyan motocin alhazai a wajen Bi'ir Ali, inda ake ɗaukar harami, har ya yi ritaya. Hausarsa da Larabcinsa a cakuɗe suke, ya fara magana da wannan ya ƙarasa da wancan.

Harbi ne ya haɗa mu.

Akwai wani kulob na wasan harbi a bayan gari nan Madina, Larabawa nadi suke ce masa. Komai da lasisi da doka. Ana kafa takarda mai baƙin da'ira a nisan mita hamsin, kowa ya gwada idonsa da numfashinsa. Wani abokin aikina ne ya ja ni can shekara biyar da suka wuce, bayan likita ya ce in nemi abin yi ban da kanti da kujera.

Ranar farko na harba, harsashin ko takardar bai taɓa ba. Na ce, "Kash."

Sai na ji murya a bayana: "Wannan kash ɗin ba ta Larabawa ba ce. Ɗan ina ne kai?"

Na juya na ga wani dogon dattijo mai farin gemu yana dariya. Na ce Gusau. Ya ce, "Ahlan da mutanen Gusau. To ka daina riƙe ta kamar za ta gudu."

Tun ranar ya ɗauke ni ɗalibi, ban roƙa ba. Shi ya koya min tsayuwa, shi ya koya min in bar kunamar bindiga ta zo min a hankali maimakon in fizge ta. Kowace Asabar da fulas ɗin shayinsa na na'ana'a yake zuwa, da kofi biyu. Da matata ta haihu, kafin in sanar da kowa ya turo Faisal har unguwarmu ta Al-Sih da tukunyar abinci.

Da na samu lasisina sai na sayi bindigar kaina, irin mara nauyin nan da ake ninkewa biyu a saka a jakar goyo. Na zo da ita ina ta iyayi. Na buɗe ta a gabansa, ta yi ƙas, na jira yabo.

Ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Mabruk, Daktor. Ka sayo laima."

Shi tasa tsohuwa ce mai gindin katako, nauyinta ya ninka na tawa. Ya ce nauyin nan shi ne amfaninta, domin in ka ɗora ta a kafaɗa sai ta zauna. Tawa kuwa, in ji shi, duk bugun zuciyata sai ta ji, duk numfashina sai ta bi. Sannan ya sa yatsa a kan mahaɗar da take ninkewa. Ya ce shi bakanike ne, kuma duk abin da yake buɗewa yana rufewa wata rana sai ya saki, in ya saki kuwa saiti ya tafi.

Na yi gardama, kun san ni. Na ce tawa ba ta gajiyar da kafaɗa. Na ce ina shiga lif da ita maƙwabta ba su san me ke cikin jakar ba, shi kuwa akwatinsa sai ka ce zai yi ƙaura. Na ce bayan harbi hamsin hannuna garau yake.

Ya ce, "Sahih. Hannu garau, takarda ma garau."

Gaskiyarsa ce, haushin ke nan. Wata uku ban daina watsa harsashi ba. Daga baya shi ɗin dai ya zauna da ni ya koya min halinta: duk lokacin da na buɗe ta in taɓa makullin mahaɗar in tabbatar ya kama, in yi harbin gwaji uku kafin in fara lissafi, kada kuma in bar ta a mota cikin rana. Yana koya min yana zaginta.

Ammu Idi yana da doka guda wadda ba a rubuce take ba, amma kowa a nadin ya san ta. Kowane maharbi shi zai ɗauko bindigarsa daga mota zuwa layin harbi, shi zai mayar. Yakan ce wanda ba zai iya ɗaukar bindigarsa ba ya zauna a inuwa ya sha shayi, harbi ba nasa ba ne. Na sha ji yana faɗa wa manyan mutane da suka zo da direbobi, kuma suna bi.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, magana ta dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu bai dawo duka ba. Hannun da ke tallafe bindiga ke nan.

Bayan wata huɗu ya ce Faisal ya kawo shi nadi. Mun yi murna sosai. Na fita tarbarsa a wajen ajiye motoci, na same shi ya buɗe but ɗin mota yana ƙoƙarin jawo akwatin tsohuwar bindigarsa. Ya ja, ya tsaya. Ya sake ja.

A nan na yi kuskuren da ya daɗe yana cina.

Ni yadda aka tarbiyyantar da ni, ba ka ganin babba da kaya a hannu ka tsaya kallo. Ban ma yi tunani ba. Na ce, "Kawo, Ammu," na karɓe akwatin na saɓa a kafaɗa, na wuce gaba ina ta surutu, mutanen nadi duk suna kallo. A raina ladabi nake yi.

Da muka isa layi na ajiye masa. Bai buɗe ba. Ya ja kujera ya zauna a inuwa, ya zuba shayi, ya sha, ya gaisa da kowa. Bayan rabin awa ya ce Faisal ya mayar da shi gida.

Bai sake zuwa ba.

Ni sakarai ban gane ba, na ɗauka jikin ne. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi a gidansa da ke unguwar Bani Harisa, ya tarbe ni da fara'a, mu yi hirar komai ban da harbi. Sai da Faisal ya raka ni mota wata rana ya ce, "Daktor, la tiz'al, kada ranka ya ɓaci, amma ranar da ka ɗauki akwatin nan, abuya ya ce khalas, shi da harbi an gama. Ya ce dokarsa ce ta kama shi, kuma a gaban mutane."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya buɗe min ƙofar wasan nan, ni na rufe masa ita da hannuna.

Na ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, laifin hannunsa ne ba nawa ba. Amma babu komai ɗin ba ta dawo da shi ba. Wata takwas yana zaune a gida, kuma duk wanda ya san shi ya ga yadda yake ramewa. Faisal ya ce duk Asabar da safe yakan shirya, ya haɗa shayi a fulas, sannan ya zauna a falo.

Wata Juma'a na ɗauki jakata na tafi da ita, babu harsashi a ciki. Na ce, "Ammu, abin da ka faɗa ya faru. Mahaɗar ta saki. Ka duba min."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani. Da kaina na sassauta kusar mahaɗar da safen.

Ya miƙo hannun dama, sai kuma ya fasa, ya miƙo na hagu. Ya ɗaga jakar. Ya riƙe ta a sama yana auna nauyinta. Ya ajiye, ya sake ɗagawa. Sannan ya aika a kawo masa akwatin kayan aikinsa, ya ɗaure kusar cikin minti ɗaya.

Ya ce, "Wanda ya kwance wannan bai iya ƙarya ba. Asabar ka biyo ka ɗauke ni."

Ran Asabar na buɗe but na ja da baya. Ya rataya jakar bindigata da kansa ya taka har layi.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Duk aibin da ya lissafa wa bindigar nan sai da ya same shi, har da ƙari. Mara nauyi ce, hannunsa kuma yana rawa, sai bakinta ya riƙa yawo. Ranar farko harbi goma, ko ɗaya bai shiga baƙi ba. Mutumin da a da samari ke taruwa su kalli takardarsa.

Na ɗauka zai yi fushi. Ya naɗe takardar ya saka a aljihu ya ce, "Tayyib. Yanzu na san inda nake."

Ya koma ɗalibi yana da shekara saba'in da wani abu. Ya sauya tsayuwarsa, ya matso da gwiwar hannun hagu ta jingina da haƙarƙari don ƙashi ya ɗauki abin da tsoka ta kasa. Ya daina daɗewa a kan saiti, domin ya gane in ya wuce ɗan lokaci kaɗan rawar ƙaruwa take yi. Duk buɗewa sai ya taɓa makullin, sai ya yi gwajinsa uku. Mako bayan mako, ni ina gefe da bindigar haya ta nadi, ina kallon dattijo yana koyon abin da shi ya koya min.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a can, Asabar biyu da suka wuce ne. Ya yi harbi goma. Aka jawo takarda, takwas a cikin baƙi.

Layin gaba ɗaya ya tsaya. 'Yan ƙasa, Misirawa, 'yan Pakistan, kowa ya ajiye tasa ya zo ya gani, ana ta masha Allah. Ni kuwa ina tsaye ƙirjina ya cika, ina gaya wa duk wanda ya kalle ni cewa malamina ne, kuma mutuminmu ne. Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar ranar ba.

Na ce, "To Ammu, yanzu me za ka ce game da ita?"

Ya ce, "Ga mai hannu biyu, tsohuwata ta fi ta, har gobe. Ga mai hannu ɗaya da rabi, ma fi zayyaha, babu kamarta."

Ya ninke ta, ya rataya, muka nufi mota. Ya gaji sosai ranar, rana kuma ta yi zafi. Sau biyu yana tsayawa ya huta. Ina bayansa na cusa hannayena cikin aljihu na damƙe, don in ban yi haka ba sai sun kai ga jakar nan. Tafiyar minti biyu ta ɗauke mu kusan goma.

Da ya ajiye ta a but ya juyo yana haki ya ce, "Yau ka yi min ladabi, Daktor."

Kwana uku bayan haka aka kwantar da shi a asibiti. Na je sau biyu na tarar yana barci.

Ɗazu da Faisal ya sake kira don ya gaya min lokacin jana'iza, ya ce akwai saƙo. Ya ce shekaranjiya abuya ya farka ya ce masa, "Ka gaya wa ɗan Gusau, ranar da za a ɗauke ni, na ba shi izini. Ya kama gaba."

Za a yi masa salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, daga nan mu wuce da shi maƙabartar Baƙi'a. Na rufe kanti. Zan kama gaban makararsa in sha Allahu, kuma ba na jin zan ba kowa wurin da sauƙi.

Ya Allah, bawanka Idi ya zo gare ka daga garin Manzonka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sauke masa duk nauyin da ya ɗauka, ka ba Faisal da 'yan'uwansa da mahaifiyarsu haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka ɗan tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce.