Zoben Hadijatu a Gonar Gero

Malam Ɗangiwa na Sanyinna ya tsufa yana gyaran rediyo a kasuwar Tambuwal, kuma mutum ne da ba ya ganin na'ura ya ƙyale ta. Shi ya sa da Mannir, ɗan ƙanensa, ya gaji da neman zinariya ya yar da na'urar gano ƙarfe a zaure, tsohon ya rungume ta kamar jika.

Da fari ta sha wahalar da shi. Ta ji ƙusa ta yi kuka, ta ji murfin kwalba ta yi kuka. Ya riƙa binne tarkace a tsakar gida yana bi ta kansu da na'urar, matarsa Hadijatu na tsokanarsa wai ya koma kaza. A hankali ya gane cewa baƙin ƙarfe ƙaramar lamba yake nunawa, azurfa babba, kuma akwai maɓallin da ke toshe wa na'urar kunne ga baƙin ƙarfe.

Ana nan sai Hadijatu ta je taya 'yar'uwarta roron wake a gonar gero a Fakku, ta dawo babu zobenta na azurfa, wanda Ɗangiwa ya saya mata suna ango da amarya. Abinci ma ya ƙi shiga bakinta.

Washegari ya goya ta a babur suka koma. Ya toshe wa na'urar kunne ga baƙin ƙarfe, ya bi gonar kunya kunya har rana ta take. Shiru. Gumi ya jiƙa masa riga, amma ya ƙi zama.

"Malam," in ji Hadijatu, idonta a ƙasa, "buɗe mata kunne ta ji baƙin ƙarfe."

"Azurfa nika nema, mi zan yi da ƙusoshi?"

"Zoben ba azurfa ba na. Mai sayarwa ya cuce ka. Tun daminar farko yaf fara tsatsa, nika goge shi da toka da man gyaɗa don kar ka gani."

Tausayi da kunya suka cika Ɗangiwa. Ya danna maɓallin. Ya tono guntun lauje, ya tono ƙusa, sannan a gindin wata sabara na'urar ta yi ƙaramin kuka.

Da ya tona, sai ga zoben. Ya share shi da bakin rigarsa, ya ce ranar kasuwa zai sayo mata na gaske.

Ta miƙo masa yatsa. "Wanga nika so."