Idon Mai Yasar Rijiya

Babana mai yasar rijiya ne. A ƙasarmu ta Damargu ruwa yana da nisa, sai an bi shi can ƙasa, inda in ka leƙa ba ka ganin komai sai wani ɗan haske yana rawa. In rijiya ta cushe da yashi a kwarin Tarka, Buzaye da Fulani kan aiko a kira shi. A ɗaura masa igiya a ƙugu, raƙumi ya riƙa sassauta ta a hankali, har kansa ya ɓace.

Ni ce mai kai masa fura. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka ba ya kirana sai Uwata. Nakan zauna a inuwar aduwa da ƙwarya a cinya, ina sauraron muryarsa tana fitowa daga ƙasa a shaƙe, ina gyangyaɗi. Wani lokaci har in yi mafarkin akwai wani gari a can ƙasan, da kasuwarsa da awakinsa, kuma Baba ne sarkinsu.

Abin da nake jira shi ne fitowarsa. In raƙumi ya jawo shi, yakan durƙusa a gabana in wanke masa fuska, don hannuwansa duk laka ne. A nan na ga abin da ban taɓa jin kowa ya ambata ba. Mu dai baƙin ido muke cewa, mu haɗa shi duka wuri guda. Ashe abu biyu ne. Akwai zobe mai launin dabino, da zane-zane sirara, sannan a tsakiyarsa akwai wani baƙi wuluk. In Baba ya fito daga duhu, baƙin nan yakan yi faɗi har ya kusa cinye zoben. Da rana ta taɓa shi sai ya tsuke, zoben ya dawo da faɗinsa. A cikin baƙin nake ganin kaina, 'yar mitsitsiya, da ƙwaryata.

Na ɗauki abin nan nawa ne ni kaɗai. Ni da ma akwai son sirri, ga baki kuma ba ya riƙe shi, Inna takan ce cikina ba ya ajiye ko ƙwayar gero. Amma wannan na riƙe.

Wata shekara da bazara, ya fito daga wata tsohuwar rijiya kusa da Belbeji. Na zuba ruwa a hannu zan wanke masa fuska, sai ya juya ta sosai wajen rana, ya buɗe idon dama, ya tsaya. Zoben yana nan lafiya lau da launinsa. Tsakiyar ce ta sauya. Baƙin ya yi fari-fari, kamar an ɗiga nono a ruwa. Na nemi kaina a ciki ban samu ba.

Na san yanar ido, na gan ta a idon tsofaffi. Na kuma san abin da mai yasar rijiya yake yi da idonsa a can ƙasa: da shi yake duba bango, ya ga inda ya tsage kafin ya rufto masa. In na yi shiru, wata rana za a ja igiya ta zo da nauyin da ba ya motsi. In na faɗa, an raba shi da aikin da duk ƙasar ta san shi da shi. Kwana uku ina juya maganar. A na huɗu, muna surfe, na gaya wa Inna.

Inna ta ajiye taɓarya, ta tafi gidan wan Baba. Da la'asar suka zo tare. Wan ya ɗaga yatsu ta gefen dama ya ce, "Nawa ne nan?"

Baba ya ce, "Wa ya gaya muku?"

Duk suka ƙi kallona, kuma hakan ya isa.

Bai ƙara shiga rijiya ba. Ya koma noman gero da tufkar igiya, yana zaune a ƙofar gida, mutanen da suke aiko masa da raƙumi suna wucewa da gaisuwa kawai. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na huta. Ya dai daina durƙusawa a gabana, don babu sauran lakar da za a wanke. Na girma, na yi aure, na haihu, ina ɗauke da abin nan a raina: ni na fito da ubana daga rijiya da bakina. Na ji haushin kaina, wani lokaci har shi ma in ji haushinsa.

Da yanar ta kama ɗaya idon, muka kai shi Damagaram aka yi masa aiki. Likitar da ta duba shi ta zana mini ido a takarda. Ta ce zoben nan nama ne, shi ke buɗewa yana rufewa. Baƙin kuwa ba wani abu ba ne, ƙofa ce kawai da haske ke shiga, yanar a bayanta take zama. Na yi dariya a raina. Shekara da shekaru ina ganin kaina a cikin abin da ba komai ba ne sai rami.

Ranar da aka cire masa auduga, da hantsi, ya zauna a bakin gado kusa da taga. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya ce, "Uwata, zo ki duba."

Na durƙusa, wannan karon ni ce a ƙasa. Zoben ya ɗan dushe don tsufa. Tsakiyar ta dawo baƙa wuluk, ga ni a ciki, mace da ɗankwali da goyo.

Na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na yi a bazarar nan."

Ya ce, "Me kika yi?"

"Ni na faɗa wa Inna."

"Na sani. Wata biyu ina lalubar bango da hannu, ina jin tsoro, na kasa buɗe baki in ce na gaza. Duk gidan ba mai kallon idona sai ke, kuma na san bakinki." Ya ɗora hannu a kaina. "Kina tsammani don me na juya miki fuskata wajen rana?"